Fatsa a Ruwan da Masunta Suka Yi wa Yawa: Ka Tsaya a Gaɓa ko Ka Hau Jirgi?

Ranar da na fara biyan kuɗin jirgi a dam ɗin Tiga, hannu rabbana na fito. Tun bayan sallar asuba muka shiga ruwa ni da yaron da ke tuƙi, muka yi ta yawo daga wannan lungu zuwa wancan har rana ta take, ko sau ɗaya toto, ɗan abin da ke yawo a saman ruwa jikin zaren ƙugiya, bai motsa ba. Da muka dawo, sai ga wani dattijo zaune a gindin dutse, bai fi taku ashirin da inda na kafe babur ba, riƙe da gora siririya, ya jera karfasa bakwai da ragon ruwa ɗaya a igiya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi sandata mai naɗi da na sayo a Sabon Gari, ya dubi buhuna da babu komai, ya ce, "Ɗan birni, ka tafi neman su gida, su kuwa sun fito cin abinci."

Kunya ta sa na biya ta kasuwar kifi ta Galadima na sayi tarwaɗa biyu. Uwargida ta juya su a roba, ta ga yadda suka yi ɓul-ɓul da kitse, ta ce, "Malam, yaushe aka fara kiwo a Tiga?"

Ni tela ne, shagona yana Fagge, kuma ranar Lahadi ce kaɗai tawa. Fatsa na fara ta tun ina yaro a kududdufan cikin gari, waɗanda yawancinsu yanzu an cike an yi gini a kai. Abin da zan faɗa a nan daga bakin wannan dattijo na ɗebi rabinsa, Baba nake ce masa har yau, sauran kuma asarar ƙugiya da man babur ne suka koya mini.

Matasa da yawa yanzu suna zuwa wajena da bidiyon Amurkawa masu kamun wani kifi da suke kira bas, da jiragensu masu na'urar leƙen ƙarƙashin ruwa. Wannan kifi ba namu ba ne. Amma kukan da suke yi iri ɗaya ne da namu: ruwan da mutane suka yi wa yawa, kifinsa ba ya cin ƙugiya. Bambancin shi ne su yawanci suna kamawa su saki, sai kifin ya haddace ƙugiya. Mu kuwa a nan raga ce ke aiki dare da rana. Ga kalli an shimfiɗa, ga masu birgi, ga taru ana ja, ga tarkon kifi da ake kira mali an jera a bakin ciyawa, ga mari-mari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi. Har da masu tace ruwa da gidan sauro, Allah ya shirye su. Kifin da ya tsallake duk wannan ya girma, ba wawa ba ne. Masu iya magana suka ce kifi na ganinka mai jar koma, to a madatsun Kano har mai farar riga yana gani.

Mu Kanawa ba mu da tafki na asali, namu duk tare ruwa aka yi. Bagauda da Tiga aikin zamanin Gwamna Audu Bako ne. An gina Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, kuma in ta cika faɗinta ya kai wajen murabba'in kilomita 178. Ta Challawa da ke Ƙaraye an gama ta a 1992. Ga Watari a Bagwai, ga Thomas a Ɗambatta, ga Ruwan Kanya kusa da Tiga. Wannan ba labarin makaranta na kawo ba, shi ne mabuɗin sana'ar. Ruwan da aka tare, ƙasa ya cinye: gonaki, da bishiyoyi, da duwatsu, da kufan ƙauyuka, da tsohuwar hanyar kogin kanta. Duk suna nan a ƙasa. Kuma duk inda kututture ko dutse yake, masunci ba ya kai ragarsa, don in ta maƙale ta yage, ɗinkin kwana biyu ya same shi.

To ka riƙe wannan, don a kansa komai ya rataya: ka nemi wurin da ke yaga raga. Nan kifin da ya rage yake. Tambayar gaɓa ko jirgi, a gaskiya tambaya ce ta wanne ne zai kai ƙugiyarka wannan wuri ba tare da kifi ya ji zuwanka ba.

Aikin yana farawa ne a ranar da ba ka ɗauki sanda ba. Cikin bazara, wajen Afrilu zuwa Mayu, ruwa yana ja da baya sosai, saboda ana ta sakin sa don noman rani a su Kura da Kadawa, ga kuma rana tana sha. Ka ware Lahadi ɗaya ka je ka taka wurin da ruwa ya bari. Za ka ga abin da wata shida kake jefa ƙugiya a kansa ido rufe. Nan ga kututturai uku a jere, can ga kwarin da ruwan sama ya zaizaye ya gangara cikin zurfi, ga tulin marmara, ga inda rairayi ya ƙare laka ta fara. Ka ɗauki hoto da wayarka, amma kada ka ɗauki kututturen shi kaɗai, don in ruwa ya dawo duk wuri ɗaya ne. Ka tsaya yadda zai daidaita da abu biyu da ba sa nitsewa, misali giginya a gaba da ƙoƙon dutse a bayanta, sannan ka ƙirga taku daga inda alamar cikar ruwa take a jikin dutse. Ni ina da ɗan littafi irin wanda nake rubuta awon kwastomomi, a ciki nake zana su. Akwai wata rana yaron shagona ya buɗe shi yana neman awon wata babbar riga, ya tarar da "kuka, taku 34, hagu da dutse mai tsagi". Ya ɗauka asiri ne.

A wannan yawon ka lura da ramuka zagayayyu kamar an dafa kwano a rairayi. Sheƙar karfasa ce. Inda ka gan su da yawa, nan take taruwa in ruwa ya rufe wurin, kuma inda ƙananan karfasa suke, manya masu cin su ba sa nisa.

Yanzu mu zo kan mai tsayuwa a gaɓa, wanda shi ne yawancinmu.

Kuskuren farko da kowa ke yi shi ne ya tsaya inda ya sauka daga babur. Mashaya, da wurin wanki, da inda jirage ke tsayawa, nan kowa ke jefawa. Ka yi tafiyar minti ashirin ko talatin a ƙafa, ka bi ta inda ƙaya take, inda sai ka naɗe wando ka haura dutse. Wahalar da ta kore ka ita ta kori wasu.

In ka kusa, ka rage sauri tun kana taku goma da ruwa. Kifi yana da wani layi a gefen jikinsa, daga kai zuwa wutsiya, da shi yake jin motsin ruwa da girgiza, ban da kunnen da ke cikin kansa. Ƙara a cikin ruwa tana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya, a iska kuwa wajen 340 ne. Maganarka ba ta cika damun sa ba, don yawancinta a saman ruwa take tsayawa. Abin da ke korar sa shi ne dirin ƙafa, da jefar da bokiti, da tsakuwar da ta gangara. Saboda haka hira a hankali ba laifi, amma ka ajiye kaya kamar kana ajiye ƙwai.

Sannan ka zauna. Saboda yadda haske ke karyewa in ya shiga ruwa, kifi yana ganin duniyarmu ta wata taga ce zagayayya a saman kansa. Abin da ya yi tsayi yana fitowa sarai a tagar, wanda ya yi ƙasa-ƙasa kuwa dishi-dishi yake gani. Mutum tsaye a kan dutse da farar shadda, sama tana bayansa, tamkar balbela ce ta sauka. Ka sa tufa mai duhu ko ruwan ƙasa, ka sa ciyawa ko dutse a bayanka, kada inuwarka ta faɗa inda za ka jefa. Baba a zaune yake wuni, shi ya sa na ɗauka tsufa ne. Ashe dabara ce.

Kada ka fara da jifa mai nisa. Wannan ciwon masu sandar naɗi ne, ni ma na yi shi: ka biya kuɗi, dole ka ga zare ya tafi. Da sassafe kifi yana gindin ƙafarka, a ruwan da bai wuce gwiwa ba, yana kiwo a bakin ciyawa. In ka cilla can tsakiya, ka tsallake shi, kuma in ka kamo wani ka jawo shi ta kansu, ka watsa garken. Ka fara da kusa, ka jefa a kwance tare da gaɓa, dama da hagu, sannan ka riƙa ƙara nisa yayin da rana ke ɗagawa.

Iska kuma, mutane suna gudun ta su koma inda ruwa ya kwanta lum. Ni gaɓar da iska ke bugawa nake nema, in dai ba ta yi ƙarfin da za ta hana ni jifa ba. Tana koro ƙananan halittun da 'yan kifi ke ci, igiyar ruwa tana tono abinci daga laka, ruwan ya ɗan gurɓace, fuskarsa ta yamutse, kifi ya daina ganin ka. Ruwa garau kamar madubi daɗin kallo gare shi, amma shi ya fi wuyar kamu.

Kayan aiki, ka rage komai. Zaren lilo mai kauri irin na mari-mari kifin nan ya san shi. Don karfasa, zare mai kaurin milimita 0.20 zuwa 0.25 ya isa, da ƙaramar ƙugiya. A kasuwa lambar ƙugiya tana hawa ne girmanta na raguwa, don haka lamba 14 ko 15 nake ɗauka wa karfasa, lamba 7 ko 8 wa ragon ruwa da tarwaɗa, da zare wajen 0.40. Toto kada ya wuce girman ɗan yatsa. Na karan dawa yana da kyau don ba ya ƙara in ya faɗa ruwa, guntun tsohon silifas kuma ya fi daɗewa. Darma 'yar mitsitsiya, iya wadda za ta nitsar da abincin a hankali. Kifin da aka dama yana ɗauka ne ya ɗanɗana, da ya ji nauyi ya tofar. In za ka jefa cikin duwatsu, ka daina asarar darma: ka je wajen mai gyaran babur ka roƙi tsofaffin noti ko fulogi, ka ɗaura da zaren da ya fi na ƙugiyar rauni, yadda in ya maƙale shi kaɗai zai tsinke. Ka kuma saba da asarar ƙugiya. Ranar da ban bar ko ɗaya a kututture ba, na san ban jefa inda ya kamata ba.

Abinci shi ne inda nake ganin ɗan gaɓa ya fi kowa dama. Tana ita ce uwa, amma ƙarama, mai rai, a soke ta sau ɗaya ko biyu a bar jelar tana motsi. Da rani samun ta sai a bakin rijiya ko lambu, don haka nake kiwon tawa a tsohon bokiti da ƙasa mai danshi a bayan gida, abin da uwargida ta haƙura da shi ba don tana so ba. In ruwan farko ya sauka shinge ya tashi, ka tara shi a gindin fitila da kwanon ruwa, washegari babu abin da ya kai shi. Da kaka fara ce. Tarwaɗa da gashin bakinta take neman abinci, ga ta da son dare, don haka abu mai wari take bi: hanjin kaza da ya kwana, ko ƙaramin kwaɗo. Ragon ruwa da giwan ruwa mafarauta ne, ɗan kifi mai rai suke so, kawara ko 'yar karfasa kamar yatsu biyu, a soke ta a baya ƙarƙashin ƙaya don ta ci gaba da iyo. In zarenka yana dawowa a yanke ƙat kamar an sa almakashi, tsage ne, haƙoransa kamar zarto. Ka warware sili ɗaya daga wayar burkin keke ka sa taƙi ɗaya tsakanin ƙugiya da zare.

Kifin roba da cokali mai walƙiya irin na bidiyo fa? Suna kamu, ban hana ba. Na taɓa kama tsage da cokalin shayi da na yanke wa mariƙi na huda. Amma kowanne kuɗi ne, wurin da nake aika ka kuwa wurin maƙalewa ne. Ka lissafa.

Sai kiran kifi. Ka kwaɓa dusa da garin ƙuli-ƙuli da laka daga bakin ruwan, ka dunƙula kamar lemo, ka jefa uku ko huɗu wuri ɗaya da zarar ka isa. Lakar ce ke kai shi ƙasa ta riƙa sakin sa kaɗan-kaɗan. Kada ka yi yawa, kira kake yi, ba walima ba. Abin da ya fi shi ne a yi kwana uku ana zubawa a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, mu kuwa 'yan birni ba mu da wannan hali. Ni na yi yarjejeniya da wani jikan Baba: ina bar masa dusa da ɗan abin sayen alawa, ya zuba Juma'a da Asabar da hantsi. Na san rabin kifin shi yake kamewa kafin na zo. Ban taɓa tada maganar ba.

Wannan shi ne abin da jirgi ba zai ba ka ba. Ɗan gaɓa yana da wuri biyu ko uku da ya sani kamar tsakar gidansu, yana ciyar da su, ya san lokacin da inuwa ke sauka a kowanne.

To me jirgi ke bayarwa? Abu ɗaya ne, amma babba: yana kai ka wurin da ƙafa ba ta zuwa. Tsohuwar hanyar kogi, da bishiyoyin da suka mutu a tsaye a tsakiyar ruwa, da tsibiran duwatsu. In giwan ruwa kake mafarki, kifin da a manyan ruwaye yake iya wuce kilo 100, wanda ake nunawa a bikin Argungu, to a nan ne kawai kake da ɗan rabo, kuma ka sani a madatsunmu ya zama baƙo. Ni sau biyu na taɓa ɗaga shi a shekarun nan, babban cikinsu bai fi tsawon hannuna ba.

Kuskurena na ranar farko shi ne na ɗauki jirgi abin yawo. Jirgin katako ganga ne. Duk filafilin da ya bugi gefensa, duk gwangwanin kwarfar ruwa da aka jefar, duk gyara zama, ƙasa yake tafiya. Mun wuni muna sanar da kifi ga mu nan. Yanzu kafin mu tashi nake shimfiɗa buhu a cikin jirgin na ɗora kaya a kai, na cire takalmi, na gaya wa mai tuƙi wuri biyu kawai za mu. In mai inji ne, a kashe shi tun da nisa. A zagaya ta inda iska ke fitowa, a bar ta ta tura jirgin a hankali, a tsaya nesa da wurin kamar tsawon jifa ɗaya. Dutsen da aka ɗaure da igiya a zura shi da hannu har ya taɓa ƙasa, ba a jefa shi ba. Biyu sun fi ɗaya, gaba da baya, don jirgi ya daina juyawa yana jan zare. In bishiya ce a tsaye, a ɗaura a reshe da igiya mai tsawo, kada jirgin ya riƙa gogar ta. Bayan nan ka ba ruwan minti goma ya manta da ku.

Ka yi wa igiyar dutsen ƙulli a kowace gaba. Ita ce na'urarka. In kuna tafiya kana zurawa ka ga gaba biyu, gaba biyu, sai kwatsam gaba huɗu, to ka sami bakin tsohon kogi. Kifi a kan wannan gangare yake tsayawa, ba a tsakiyar ramin ba. Mutane suna zaton inda ya fi zurfi nan manya suke. Da zafi, ruwan can ƙasa ba ya gauraya da na sama, iskar da kifi ke shaƙa tana ƙaranci a cikinsa, sai ka ajiye ɗan kifinka a can ka ɗago shi a mace. Ka fara daga gaba ɗaya da rabi zuwa uku, kuma abincin ya tsaya kamu ɗaya sama da ƙasa.

Mai tuƙi kuwa, ka zaɓi masunci, ba mai fito ba, kuma ka san ba zai kai ka wurinsa na gaske a ranar farko ba. Kai ma ba ka nuna wa baƙo inda kake sayen yadi da sauƙi. Ka je ta hannun Sarkin Ruwa ko dattawan wurin, ka yi sallama, ka faɗi abin da ya kawo ka. In ƙugiyarka ta kama kallin wani, ka yanke zarenka, kada ka ɗaga ragar ko da niyyar cirewa ce. Daga nesa ba a bambance mai cire ƙugiya da mai cire kifi.

Wanne za ka zaɓa ke nan? Ni kalanda ce ke zaɓar mini. Daga ruwan farko har ƙarshen damina, ban ga dalilin biyan jirgi ba. Ruwa yana hawa yana cin ciyawa da gonakin bakin gaɓa, kifi yana bin sa, tarwaɗa tana haurawa ƙoramu don yin ƙwai, kuma cikin ciyawar nan raga ba ta shimfiɗuwa. Washegarin ruwan sama ka nemi inda ƙorama ke zuba jan ruwa cikin dam, ka jefa daidai inda ja da fari suka haɗu. Da kaka, ruwa ya cika ya fara washewa, duka biyun suna yi, kuma nan ne littafin bazara ke biyan ka. Da hunturu ka manta da sammako. Karfasa tana rage ci in ɗumin ruwa ya sauko ƙasa da digiri 20, don haka ka karya kumallo a gida, ka isa da hantsi, ka nemi duwatsun da rana ta gasa a gefen da iska ba ta bugawa, ka zauna har la'asar. Bazara ita ce ta jirgi. Gaɓa ta zama fegin laka, ruwan bakin ya yi ɗumi kamar na wanka, kifi ya koma gangaren kogi. In ba ka da kuɗin jirgi a lokacin, ka nemi inda dutse ya sauka tsaye cikin ruwa, ka zo da asuba ko dab da magariba. Jikin bangon dam ma akwai duwatsu masu kyau, amma wuri ne mai masu gadi, sai da izini, kuma kusa da ƙofar da ruwa ke fita ko an ba ka izini kada ka je.

Abin da masunta suka yi a ranar ma yana da tasiri. In masunta sun wuni suna buga ruwa da sanda don koro kifi cikin raga, wannan lungun ya mutu sai gobe. Ka matsa.

Akwai maganar da ba na so na yi amma dole. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgi ya kife a ruwan Bagwai ɗauke da mutanen da suka taso daga Badau, yawancinsu yara 'yan Islamiyya, aka rasa rayuka kusan talatin, Allah ya jiƙansu. Tun daga lokacin ban sake shiga jirgi ba rigar kariya ba, ko da masunta suna yi mini dariya, kuma suna yi. Mu uku ne iyaka a ƙaramin jirgi. Ruwa mai faɗi irin Tiga, iska tana tada igiya cikin ɗan lokaci, musamman da yamma a farkon damina. Da ka ga hadari ya haɗo a gabas, ka naɗe, kada ka ce bari na ƙara jifa ɗaya. Sandunan zamani da yawa suna ɗaukar lantarki, ka kwantar da taka in ana walƙiya.

Ɗan gaɓa ma yana da nasa. Tsargiya a irin ruwan nan take, ƙwayarta daga jikin ƙananan dodon koɗi take fita ta huda fata, ba sai ka sha ba. Ka sayi takalmin roba dogo irin na masu lambu, in kuma ka ga jini a fitsari ka tafi asibiti, maganinta sananne ne. Ƙayar tarwaɗa da ta kurungu kuwa, ka kama su ta bayan kai da tsumma. Ta taɓa shiga mini babban yatsa ana saura kwana tara sallah, ga ɗinki jibge. Ban ga laifin kowa ba sai nawa. Dam ɗin Wasai ya fi kusa da gari, amma ni ba na kai kifinsa gida, saboda Kogin Jakara da ke cika shi kwatocin birni yake kwashewa, ga ruwan masana'antun Bompai da ke biyowa ta Getsi.

In ka ɗago karfasa ka ga bakinta cike da ƙwai ko 'ya'ya, uwa ce, a baki take renon su. Ka jiƙa hannu ka cire ƙugiyar ka mayar da ita. Haka wadda ba ta kai tafin hannu ba, sai dai in ita za ka soka wa ragon ruwa.

Wanda za ka tafi da shi, kada ka bar shi ya mutu a rana. Ka zura igiya ta baki ta fito ta kunne, ka bar shi cikin ruwa a inuwa har lokacin tashi. Sannan ka farke ciki ka cire kayan ciki da jajayen kunnuwan a nan take, don daga nan lalacewa ke farawa. In ka taho da ƙanƙara a kula tun daga gida, shi ke nan. In babu, ka jiƙa buhun algarara ka naɗe su da ɗanyar ciyawa, ka ɗaure a bayan babur inda iska za ta riƙa bugawa, ba cikin leda ba. Daga Tiga zuwa Fagge ta hanyar Zariya ya fi awa ɗaya a babur ɗina, na kan tsaya a Kura na ƙara wa buhun ruwa. Tarwaɗa ita ba ruwanta, tana shaƙar iska kai tsaye, da ranta take isa gida in dai jikinta bai bushe ba, kuma uwargida yanzu da ta ga siririya mai ƙaton kai takan ce, "Yauwa, wannan ta dam ce."